Littattafai Uku A Kan Iyalin Da Yaƙi Ya Watsa

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata al'ada da na ke yi da yaran ajina. Ran Alhamis in an kusa tashi, sai in sa a rufe littattafan aiki, in ɗauko wani labari in karanta musu babi ɗaya ko biyu. Kwanan baya muka karanta wani littafin Turanci mai suna The Silver Sword, watau Takobin Azurfa. Ran da muka kai ƙarshe, inda yara suka sadu da iyayensu, sai aji duk ya ɗauki tafi, har malamin da ke ajin kusa da mu ya leƙo ya ga ko lafiya. Yaro ɗaya ne kaɗai bai tafa ba. Shi kuwa baƙo ne a garin, iyayensa sun zo da shi daga wajen Borno, suna cikin mutum fiye da miliyan 2 waɗanda rikicin da ya tashi can a 2009 ya raba da gidajensu. Da aka yi shiru sai ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, shi Jan fa, ina nasa iyayen?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba, don littafin ma bai faɗa ba. Tambayar nan ita ta sa na koma na sake duba littafin a tsanake, na kuma jera shi da waɗansu biyu masu magana a kan abu ɗaya, ɗaya namu na Hausa, ɗaya na Larabci. Abin mamaki, mawallafan nan uku duk sun yi aikin koyarwa, sun san yara, sun san abin da ke riƙe hankalinsu.

Ga abin da na gano. In kuna so ku auna littafi irin wannan, kada ku tsaya wajen gudu da ƙarar bindiga. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma ko wane mawallafi ya iya sa zuciyar mai karatu ta yi ta bugawa sa'ad da soja ke bin yaro. Inda a ke gane gwani shi ne ranar saduwa. Mawallafin da ke son faranta muku rai kawai ya kan mai da wanda ya ɓace kamar kuɗin da aka binne cikin tukunya, ran da aka tono a same su yadda aka bar su. Ɗan Adam kuwa ba ya ajiyuwa haka. Yaron da ya ɓace yana rarrafe, kafin a gan shi ya ci tuwon wani gida, ya koyi wani harshe, wata mace ta kwana a zaune a kansa daren da ya yi ƙyanda. To, wa aka samu ke nan? Littafin da ya kau da kai daga wannan tambaya ya rage muku mudu, kome daɗinsa.

Bari mu fara da wanda muka karanta a aji. Mawallafinsa Ian Serraillier, Baturen Ingila ne, an kuwa buga littafin a 1956, shekara 11 bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin gidan wani hedimasta ne mai suna Joseph Balicki, a birnin Warso na ƙasar Polan. Jamus sun faɗa wa Polan ran 1 ga Satumba 1939. Da suka ci ƙasar, aka rataya hoton Hitila a makarantarsa. Wata rana yana cikin koyarwa ya juya fuskar hoton ga bango, aka kai tsegumi, aka kama shi aka kai kurkuku. Daga baya aka zo da dare aka tafi da matarsa Margrit, aka kai ta aikin tilas a Jamus. Saura yara uku, Ruth wadda ta ke wajen shekara 13 sa'ad da aka kama uban, da Edek mai 11, da Bronia 'yar shekara 3. Edek ya harbi motar da ta ɗauki uwarsu ta taga, suka gudu ta bisa rufin gidaje, ba su yi nisa ba aka tashi gidansu da nakiya.

Uban ya tsere daga kurkuku, ya komo ya tarad da kango. Cikin ɓaraguzan gidan ya tsinci wata 'yar wuƙar buɗe wasiƙa mai siffar takobi, wadda ya taɓa ba matarsa kyauta. A nan ya gamu da Jan, wani yaro marar kowa, gwanin sane, mai yawo da ɗan akwatin katako. Ya ba shi takobin, da sharaɗin in Allah ya haɗa shi da 'ya'yansa ya gaya musu su nufi Suwizalan, ƙasar uwarsu. Sauran littafin tafiyar yaran ce bayan Rasha sun shiga Warso a Janairu 1945, ta Balin, ta kudancin Jamus, wani wuri a jirgin ƙasa, wani wuri a ƙafa, wani wuri a kwalekwale, har bakin tafkin da ya raba Jamus da Suwizalan.

Ba na hana littafin nan yabonsa. Turancinsa mai sauƙi ne, ba ya sa yaro neman ƙamus ko wane layi. Wurin da Ruth ta buɗe makaranta cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani rusasshen gida, ba allo ba littafi, tana koya wa marayu karatu, ni dai ban taɓa karanta shi ban ji kunyar ƙorafin da mu ke yi na ƙarancin alli ba. Na kuma yaba masa da bai mai da Jamus duka aljannu ba. Akwai wani manomi Bajamushe da matarsa da suka sauki yaran, suka ɓoye su, alhali su ma yaƙin ya ci 'ya'yansu maza biyu. Mawallafin da ke rubutu a Ingila shekara 11 kawai bayan bama-baman Jamus, sai mai adalci ne zai rubuta haka.

Amma fa dacen ya yi yawa. Cikin dukan marayun Warso, wanda ke riƙe da takobin shi ne ya zo ya faɗi da ciwo daidai inda Ruth ta ke. Edek da aka kama tun da daɗewa, ana cikin turmutsutsun rabon abinci Ruth ta kama wani hannu, da ƙura ta lafa sai ga shi hannun ƙanenta ne. Mutum biyar suka watse, mutum biyar suka taru, ba wanda ya rasu. A birnin nan kuwa, cikin boren kwana 63 da mutanensa suka yi wa Jamus daga 1 ga Agusta 1944, an kashe mutum fiye da 150,000. Ba na cewa irin wannan dace ba ya faruwa, ikon Allah ya fi haka. Amma yaron da ya karanta wannan littafi kaɗai zai zaci haka yaƙi ya saba ƙarewa.

Gaskiyar littafin tana babin ƙarshe, bayan an gama tafi. A can mawallafin ya faɗi abin da ya sami yaran da suka zauna lafiya a wani ƙauyen marayu a Suwizalan. Bronia ta fi kowa saurin warwarewa, don ƙanƙanuwa ce. Edek ya daɗe kwance a asibiti da tarin fuka. Ruth kuwa, wadda ta yi shekaru tana uwa tana uba, da ta ga uwarta sai ta koma jaririya, ta manne mata, ba ta so ta ɓace mata da gani. Jan ya ci gaba da 'yan sace-sacensa ko da ya ke ga abinci a gabansa, kuma ba a taɓa gano iyayensa ba, sai gidan Balicki suka riƙe shi. Wannan shi ne naman labarin, amma an matse shi cikin 'yan shafuffuka kaɗan, kamar mai masauki da ya ɓoye tsoka a ƙarƙashin tuwo sai baƙo ya ƙoshi. Akwai kuma wani abu da littafin bai tsaya a kansa ba, watau Yahudawan Warso, waɗanda Jamus suka killace su fiye da 400,000 cikin unguwa guda tun 1940, daga baya suka hallaka yawancinsu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Na biyu namu ne, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An buga shi a 1934, yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mawallafin sa'an nan saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Bauci. Shekarar haihuwarsa ɗaya da Serraillier, watau 1912. Wani zai ce ai wannan ba labarin yaƙi ba ne. Ni kuwa na ce hari ɗan'uwan yaƙi ne, kuma ga matar da aka ɗauke wa ɗa, bambancin mahaya 50 da runduna 50,000 ba shi da yawa.

Shaihun yana zaune a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. A Kagara aka haife shi, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. 'Yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙulli, aka kore shi daga gari, ya tafi ya zauna a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin danginta, ta bar yaron a hannun wata, aka sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, waɗansu mutanen kirki suka tsinci yaron, hari ya sake cin su, har ya faɗa hannun Gumuzu mai cinikin bayi a Kano. Daga nan wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi ƙasarsu, Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami.

Uwar fa? Ita ce ba ta zauna ba. Ta bi sawun ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da ita, ta Murzuk har Tarabulus. Ku dubi taswira ku ga nisan. Mace 'yantacciya, mai miji, mai dangi, ta ƙare baiwa a bakin bahar, duk don yaro guda. A can Tarabulus Allah ya haɗa su, Umar ya zama cikakken mutum, ita kuwa wahala ta riga ta cinye ta. Ba su daɗe da saduwa ba ta rasu.

Na sha jin yara suna cewa mawallafin ya yi rashin tausayi, me zai hana ya bar ta ta koma gida ta ga jikoki? Ni a ganina a nan ne saurayin malamin nan ya fi Baturen. Ya san shekarun nan an ci su, ba mai amayo su. Ta sami ɗanta, amma ba ta sami yaron da ta goya ba, ba ita ta ga ya sauke Alƙur'ani ba, ba ita ta ga gemunsa ya fito ba. Abin da ya rage mata a duniya shi ne ta gan shi da ido ta san yana da rai, da ta gani kuwa sai igiyar da ke riƙe da ita ta tsinke. Mawallafin bai yi dogon kuka a wurin ba, ya faɗa a taƙaice ya wuce, irin yadda dattawanmu ke ba da labarin rasuwa. Taƙaitawar nan ta fi shafi goma na hawaye nauyi.

Amma kada son namu ya rufe mana ido. Littafin yana da gaggawa, ya kan haɗiye shekaru da yawa cikin layi biyu. Shi kansa Umar ruwan sanyi ne ƙwarai, yana ba da labarin sace shi da sayar da shi kamar labarin wani. Ya girma a Ber Kufa cikin jin daɗi, sai da ya yi mafarki sa'an nan begen uwarsa ya tashi. Me ya ji a zuciyarsa game da Abdulkarim, mutumin da ya yi masa kome, amma ta hannun mai cinikin bayi ya same shi? Ba a gaya mana ba. Ga kuma wani abu da ya fi wannan, wanda ban lura da shi ba sai da na girma. Ƙullin da aka yi wa Makau a kan me aka yi shi? A kan bayin da aka kamo ne a harin da suka kai ƙasar Gwari, aka ce ya ɓoye waɗansu. Ashe gidan da mu ke tausayi don an watsa shi, maigidan da kansa ya je ya watsa gidajen waɗansu. Su ma waɗancan suna da uwaye, wataƙila wata cikinsu ta bi sawun nata ɗan har ta mutu a hanya. Littafin ya nuna zaluncin da aka yi wa Makau filla-filla, amma waɗanda aka kamo, lissafi kawai aka yi da su, kamar awaki. Ba na zagin mawallafin, yaro ne ɗan shekara 21 ko 22, kuma dattawan da suka ga zamanin hari suna nan da ransu sa'ad da ya ke rubutu. Amma ku da ku ke karatu yau, in kun zo wurin, ku dakata ku ƙirga har da su.

Na uku shi ya fi gajarta, shi ya kuma fi ɗaci. Sunansa da Larabci A'id ila Haifa, watau Mai Komawa Haifa, na Ghassan Kanafani, wanda ya rubuta a 1969. Cikin mawallafan nan uku shi kaɗai ne gudun ya ci da kansa. An haife shi a Akka, a Falasɗinu, a 1936. A yaƙin 1948, sa'ad da Falasɗinawa fiye da 700,000 suka bar gidajensu, iyayensa suka fita da shi yana ɗan shekara 12, suka bi ta Labanan suka zauna a Dimashƙa. Ya koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira a can, ya kuma koyar a Kuwait. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ga labarin. Sa'id da matarsa Safiyya suna zaune a Haifa da jaririnsu ɗan wata 5, Khaldun. A watan Afrilu 1948 faɗa ya ɓarke a birnin, miji yana waje. Safiyya ta bar yaron yana barci ta fita ƙofa neman mijinta, taron masu gudu ya kwashe ta, kamar yadda ya kwashe shi, aka yi ta tura su har bakin teku, aka zuba su cikin jirgin ruwa. Ba wanda ya yi niyyar barin yaro. Ku lura da wannan, don duk nauyin littafin a kansa ya ke: 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, da taku kaɗan daga bakin ƙofa. Suka zauna a Ramalla, suka haifi waɗansu 'ya'ya, suka daina ambaton sunan na farin. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda kunya. Ita Safiyya saboda miki ne.

Bayan yaƙin Yuni 1967 aka buɗe hanya, suka shiga mota suka koma su ga gidansu, shekara kusan 20 ke nan. Wata tsohuwa ta buɗe musu ƙofa, sunanta Miriam, Bayahudiya ce daga Polan. Kun tuna na ce ku riƙe maganar Yahudawan Polan? To, ga ɗaya daga cikinsu. Jamus sun kashe ubanta, sun kashe ƙanenta yaro, ta tsira ta zo Haifa da mijinta, ba su da haihuwa, aka ba su gidan da yaron da aka tarar a ciki. Mijin ya mutu a yaƙin 1956. Watau wadda yaƙin littafinmu na fari ya kora, ita ce ta zauna a gidan waɗanda yaƙin littafinmu na uku ya kora. Kanafani yana cikin masu faɗa da Isra'ila, shi ne ma kakakin ɗaya daga ƙungiyoyin Falasɗinawa masu ɗauke da makamai, amma bai mai da tsohuwar nan dodo ba. Ya ba ta tausayi, ya ba ta kunya, ya ba ta nata makokin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da aka raba da gidan ubansa.

Akwai wani ɗan wuri da na ke so ƙwarai. Sa'id yana zaune a ɗakin da dā nasa ne, yana baƙo, idonsa na bin kaya. Ga teburin nan, ga hoton nan. Sai ya ga gashin ɗawisu da suka bari cikin wata 'yar tukunyar ado ta itace. Ya san bakwai ne, ya ƙirga ya ga biyar, ya kasa haƙuri sai da ya tambayi ina biyun. Mutumin da ya rasa gida da ƙasa da ɗa, ga shi yana cigiyar gashin tsuntsu. Wanda bai taɓa rasa gida ba, da wuya ya ƙago wannan. Ku tambayi duk wanda ya koma kufan garinsu bayan gudu, za ku ji abin da ya fara nema ƙaramin abu ne, turmi, ko bishiyar da ya dasa.

Sa'an nan yaron ya shigo. Sunansa yanzu Dov, yana sanye da kayan sojan Isra'ila. Safiyya ta sa rai jini zai kira jini. Bai kira ba. Saurayin ya dube su ya ce bai san wata uwa ba sai Miriam, ya kuma tuhume su, yaya za a yi mutum ya bar jariri a shimfiɗa ya gudu, kuma me suka yi cikin shekarun nan duka ban da kuka? Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban taɓa jin zafin karin maganar nan ba sai a wannan babi, don waɗannan ba barin gida suka yi ba, kwashe su aka yi, amma hukuncin ya hau kansu duk da haka.

Mu mun san riƙo. Da yawa cikinku gwaggo ce ta goye ku, ko kaka, ko kishiyar uwa. Amma riƙonmu a fili a ke yinsa, da yardar iyaye, kuma yaro ya tashi ya san gidan da ya fito. Ku duba ku gani, littattafan nan uku ko wanne akwai riƙo a cikinsa. Na Jan shi kaɗai ne ba a ƙwace daga hannun kowa ba. Abdulkarim mutumin kirki ne, Miriam ma haka, amma alherinsu duka biyu a bisa zalunci ya ke zaune, ɗaya kasuwar bayi ta ba shi ɗa, ɗaya gidan da aka kori masu shi. Tafawa Ɓalewa ya ga alherin, ya yi shiru a kan abin da ke ƙarƙashinsa. Kanafani ya ɗaga tabarmar ya nuna duka biyun, ya bar mai karatu da su. Don haka na ce cikin ukun shi ya fi amsa tambayar da muka fara da ita.

Duk da haka shi ma yana da nasa aibin, ba kuwa ƙarami ba. Daga sa'ad da Dov ya shigo, mutane sun daina magana irin ta mutane. Saurayi ɗan shekara 19 da ya ga wadda ta haife shi ran farko, sai ya tsaya yana jera hujjoji kamar lauya. Sa'id ya mayar masa da dogon jawabi a kan mene ne ƙasa, mene ne ɗa. Safiyya kuwa, wadda ita ce ta ajiye yaron, ita ce ta kwana da abin shekara da shekaru, an bar ta a gefe tana kuka, ba a ba ta bakin magana ba sai kaɗan. A nan uwar Umar ta fi ta sa'a, don ita mawallafinta ya bar ta ta yi tafiyarta da ƙafarta.

Ƙarshen littafin kuma ban bi shi ba. Sa'id yana da wani ɗa a Ramalla, Khalid, wanda ke son shiga cikin mayaƙa, uban ya hana shi. Da Dov ya kunyata shi, sai ya fita yana cewa maganar nan yaƙi ne kaɗai zai raba ta, yana kuma fatan kafin su isa gida Khalid ya riga ya tafi. Na gane abin da ya sa wanda aka kora yana ɗan shekara 12 ya rubuta haka, ba ni kuwa da bakin da zan koya masa haƙuri ina zaune a gidan ubana. Shi kansa bai tsira ba, an dasa bom a motarsa a Bairut a watan Yuli 1972, ya mutu tare da 'yar 'yar'uwarsa, yana da shekara 36. Amma ni malami ne, tsaran Khalid su ne ke zaune a gabana kullum. Uban da yaƙi ya ci masa ɗa guda, ya ɗauki na biyu ya miƙa don ya wanke kunyarsa, bai tambayi uwar yaran ba. Da mawallafin ya juya ya tambayi Safiyya a cikin motar nan, ban sani ba ko abin da za ta ce ke nan.

In za ku karanta, ƙanananku su fara da Takobin Azurfa, amma kada su rufe shi wajen tafki, su karanta babin ƙarshe sau biyu. Shaihu Umar kowa ya iya ɗauka, awa biyu ko uku ya ishe ku. Na Kanafani sai manya, akwai shi da Turanci, wanda kuma ya yi nisa a Larabci ya nemi malaminsa su bi shi tare.

Yaron nan na ajina na ba shi aron Shaihu Umar. Bayan kwana uku ya komo da shi, ya naɗe shi cikin takarda don kada ya yi datti. Na tambaye shi yadda ya gani, ya ce, "Malam, ai labarin na uwar ne, Shaihun ba da shi kawai ya yi." Ya tambaye ni ko akwai wani irinsa. Na ce akwai, amma sai ya ƙara shekara biyu. Yana nan cikin akwatina.